Layin Lawwali da Ba a Gani

Lawwali ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da izinin tona masa asiri duk inda na ga dama. Shekara ashirin yana kai wake Maraɗi daga Sabon Birni, yana dawowa da duk abin da idonsa ya ƙyalla a kai. Kamar kowa a nan bakin iyaka, layin waya biyu gare shi, na Najeriya da na Nijar. Da mota ta tsallaka, sai ya zaro tsinke, ya cire wannan ya sa wancan, ya cusa na hutu a naɗin hula. Ko yana gyangyaɗi hannunsa ya san aikin. Yana alfahari da wannan kamar wani ilimi ne ya je Masar ya karanto.

Bara Allah ya kira shi Umara. Murna a gidan nan har awaki sun ji a jikinsu. Mahaifiyarsa Inna Mairama kuwa, wadda ƙafa ta daina ɗauka, ido kuma ya soma dushewa, abu ɗaya ta roƙa.

"Ni dai ba ni zuwa, na sani," in ji ta. "In ka isa, ka gwada min Ɗakin Allah cikin wayag ga tun ina iya gani."

A garinmu Kurawa waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu bayan gari, hanyar kuma ba kullum ake yarda da ita ba saboda ɓarayin daji. Aka tsayar da magana: ranar Juma'a da hantsi za mu kai Inna tudun a amalanke, sau ɗaya tak, shi kuma ya kira.

Faruk mai waya na kasuwar Sabon Birni ya ce kada ya wahala da neman layi a can. Ya fito da takarda mai wani baƙin zane kamar saƙar tabarma, ya haska ta da sabuwar wayar Lawwali, ya ce shi ke nan, layin Saudiyya ya shiga, sunansa isim, babu katin da ake sawa. In ya sauka, ya shiga nan ya taɓa nan.

"Layin da ba a riƙewa ga hannu?" in ji Lawwali. "Ni za ka koya ma sauya layi?"

Bai kalli inda aka nuna masa ba. Takardar dai ya karɓa ya ninke.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, kuma na san ya rage wani abu. Ya isa Makka ranar Alhamis, ya yi Umararsa yana kuka yana dariya. Safiyar Juma'a ya zauna bakin gado ya yi abin da ya saba: tsinke, cire na Najeriya. To me za a sa? Bawan Allah ya nemo reza, ya yanke baƙin zanen nan tsaf, ya ninke shi daidai girman layi, ya tura a ramin da ake sa layi. Ramin ya cije. Ya hura, ya girgiza, ya yi wa wayar addu'a, ya yi wa Faruk wadda ba addu'a ba.

Wata Hajiya Kadijatu, 'yar kasuwa daga Isa da ke masauki ɗaya da su, ita ta same shi a ƙofa yana zufa. Da ta ji abin da ya yi, sai da ta dafa bango don dariya.

"Alhaji, laya ka yi wa wayar?"

Ta zaro takardar da allurar mayafinta, ta taɓa wuri biyu, saƙonni suka fara shigowa kamar an ɓalle kwata. Ya ce bai tsaya godiya ba, da gudu ya nufi Harami, takalmi a hannu.

Mu kuwa muna tudu tun hantsi. Rana ta ɗaga, jakin amalanke ya ƙosa, maza suna ta waige-waige suna cewa a koma. Ni raina ya ɓaci matuƙa, na riga na tsara zagin da zan yi masa. Inna kuwa wayar hannuna kawai ta zuba wa ido, wannan ne ya fi ci mini rai.

Sai wayata ta yi ƙara. Ga ƙaton kai an aske ƙwal, ga haƙora.

"Inna! Inna! Ga ni! Ga shi!"

Yana ihu yana juya wayar, mu ga sama, mu ga hancinsa, mu ga ƙafafun mutane. Mata suka ɓarke da guɗa, jaki ya tsorata, ni ina dariya hawaye na zuba.

"Kai, tsaya wuri guda, mahaukaci!" in ji Inna.

Ya tsaya. Hoton ya natsu, baƙin Ɗakin ya cika wayar, fararen mutane suna kewaya shi. Na kai mata har kusa da hanci. Ta daɗe tana ƙifta ido.

Can ta miƙa hannu ta tuɓe takalmanta, ta gyara lulluɓi.

"Ku sauke ni ƙasa," ta ce. "Ba a gaida Ɗakin Allah bisa amalanke."