Dariyar Ƙarfe Tara

Duk telan da ya daɗe a Gombe ya san Malam Inuwa mai gyaran keke. Keken ɗinki nake nufi, ba na hawa ba. Kakansa ne ya taso daga wajajen Katsina da fatauci, amma shi a Kagarawal aka haife shi, nan ya yi aure, nan ya binne matarsa Lami, ta bar masa 'ya'ya biyu, Saifullahi da ƙanwarsa Najiba. Shekara talatin da 'yan kai yana zama a ƙofar gida da sukundireba da 'yar kwalbar mai. Ba ya kwance keke sai ya saurare shi tukuna. Zai ce wa tela ya juya, ya karkata kai, ya ce bel ne ya saki ko kwarkwaro ne ya goge, kuma in an buɗe haka za a tarar.

Aibinsa ɗaya, bai iya yabo ba. In Najiba ta yi miyar da ya suɗe kwano, sai ya ce gishiri ya so ya yi yawa. Mafi girman lambar yabonsa ita ce "ba laifi," ita ma sai a shekara ba a ji ta ba. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya saba nemo inda abu ke ƙara, har ya manta yadda ake faɗin inda yake tafiya daidai.

Hawan jinin ido ne ya ci masa gani, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Sana'a ba ta tsaya ba, tunda dama da kunne da yatsu yake yin ta. Waya ce ta zame masa ƙaya. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya koma tare masu wucewa yana cewa a duba masa wa ya kira, ƙarfe nawa. Wannan ya fi makantar ci masa rai.

Saifullahi ya karanci kwamfuta, yana da shagon gyaran waya a Herwagana tare da abokinsa Emma, wanda suka yi makaranta tare. Bayan aikin shago yana cikin wasu 'yan sa-kai da ke warwatse a ƙasashe, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Suna haɗa manhajar da ke tafiyar da waya gaba ɗayanta, kyauta, a buɗe, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, musamman don tsofaffin wayoyin da kamfani ya daina kula da su. Duk mako sukan fitar da sabon zubi na gwaji, wanda kan gyara abu biyu ya ɓata ɗaya. Saifullahi ya ɗora wa tsohuwar wayar babansa wannan manhaja, ya kuma ɗauki alkawarin da ba wanda ya sa shi: sai wayar ta yi magana da Hausa.

Ba shi da ɗakin ɗaukar murya, sai ya riƙa shiga ƙarƙashin bargo da rana tsaka, cikin zafin Gombe, yana karanta lambobi da kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ga mura ta toshe masa hanci. Yana kan lamba tara Najiba ta leƙo, ta ga ƙaton mutum a dunƙule cikin bargo yana ƙirga, ta fashe da dariya. Shi ma ta kuɓuce masa. Ya ce zai sake ɗauka, bai sake ba. Tun daga ranar, in wayar za ta ce ƙarfe tara, sai an ji 'yar dariya ta maƙale a ƙarshen kalmar.

Ranar da ya miƙa wa babansa wayar, ta faɗi lokaci, ta faɗi sunan mai kira. Malam Inuwa ya karkata kai irin na aiki, ya saurara. Daɗi ya rufe shi, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wannan muryar taka kamar keken da ya shekara bai ga mai ba."

Saifullahi ya yi dariya. "An ji, Baba. Ai kai ne babban mai gwajinmu. Duk abin da ka ce, rubutawa nake yi."

Da gaske rubutawa yake yi. Baba ya ce tana sauri, mako mai zuwa ta rage sauri. Ya ce tana cin caji, aka gyara. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa: "Duk Juma'a in ta ce akwai sabuntawa, ka danna sau biyu a tsakiya. Kar ka tsallake, Baba. Gyaranka ne ke zuwa." Haka ya zama al'ada. In ya dawo masallaci sai ya zauna a tabarma, ya danna, ya jira ta mutu ta taso, sannan ya nemo sabon abin kushewa.

Wata Talata Saifullahi ya hau mashin zai kai wa wani manomi wayarsa a Kwadon, jakar kwamfutarsa a baya. Babbar mota ce ta ƙwace a hanya, ta buge shi. Kafin la'asar an yi masa sutura.

Mutane sun yi ta mamakin dauriyar Malam Inuwa a zaman makoki. Ba su san abin da ke aljihunsa ba. Da gari ya waye, jama'a ba su fara taruwa ba, ya taɓa wayar, ɗansa ya ce masa ƙarfe shida da rabi. Ya sake taɓawa, ya sake faɗa. Daga nan rayuwarsa ta koma jiran ƙarfe tara na safe. Ko keken wa ke gabansa, zai ajiye sukundireba, ya kara wayar a kunne, ya ji yaron ya yi dariya. Najiba takan bar tsakar gida a lokacin, don ita ba ta iya ji.

Wata huɗu ba sabuntawa, tunda mai turowa ya tafi. Sai wata Juma'a, ya dawo masallaci ke nan, wayar ta yi ƙara a aljihu, muryar Saifullahi ta ce, "Akwai sabuntawa."

Bai yi shawara da kowa ba, kuma me zai sa ya yi? Yaron ya ce kar ya tsallake. Har wani farin ciki ya ji, kamar an aiko masa da saƙo daga inda ba a aike. Ya zauna a tabarma, ya danna sau biyu a tsakiya.

Wayar ta mutu, ta taso. Wata murya ta gaishe shi, ta namiji, tas da ita, ba toshewar hanci, ba gargada. Ya taɓa, ta ce ƙarfe biyu da minti goma. Ya kashe ya kunna. Ya cire batir ya mayar. Baƙon nan dai shi ne.

Najiba ce ta riƙo hannunsa har Herwagana a Keke Napep. Emma na ganinsu ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Tun rasuwar bai cire sunan abokinsa daga allon shagon ba.

"Emma, ɗana ya fita daga wayar nan. Ka mayar min da shi."

"To, Baba. Bari in duba."

Ya duba ɗin. Ya jona ta da kwamfuta, ya shiga shafin 'yan sa-kan, ya rubuta musu, ya jira amsa har aka yi la'asar aka dawo. Sabon zubi ya hau kan tsohon ya shafe shi. Shafin ba ya ajiye zubin gwaji fiye da na 'yan makonni. Asalin muryar kuma tana cikin kwamfutar da ta tafi Kwadon a bayan mai ita, ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ba su san akwai wanda ke riƙe da ita haka ba.

"To wa ya sa su?" Muryar Malam Inuwa ta tashi, har masu shagon kusa suka leƙo. "Wa ya roƙe su? Ina ruwansu da muryar yarona?"

Najiba ta ga Emma yana kallon allon kwamfutar yana goge ido da bayan hannu, ta ce, "Yaya Emma, mene ne?"

"Baba, wallahi ba raini ba ne. Da suka ji ya rasu, sai suka ɗauki jerin ayyukan da ya bari, suka ce za su ƙarasa masa don girmamawa. Wata huɗu suna yi. Har sunansa suka sa wa wannan zubin. Guda ɗaya ne ya rage a jerin, shi ne wannan."

"Karanta min."

"Baba..."

"Na ce ka karanta."

Da Turanci aka rubuta, Emma ya riƙa juyawa a hankali. "Ya ce, muryar da ke ciki tawa ce, ta wucin gadi ce. Mai gwajina babana ne, kuma duk garinmu ba wanda ya kai shi kunne. Ya ce tana ƙara kamar keken da bai ga mai ba, kuma gaskiyarsa ne. Don Allah a samo wanda ya fi ni murya. Ina so wata rana ya saurara ya ce ba laifi."

Malam Inuwa ya laluba kan teburin har ya sami wayar, ya riƙe ta da hannu biyu. Mutumin da bai yi kuka a makabarta ba, ga shi yana yi a shagon gyaran waya, gaban mutane, ba ya ko ɓoyewa.

"Ƙarya nake yi," ya ce. "Emma, ƙarya nake yi masa. Ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba."

Har yau yana gyaran keke a Kagarawal, kuma teloli sun ce kunnen na nan yadda yake. Sun dai lura ya canja a abu ɗaya: in Najiba ta kawo abinci yakan ce ya yi daɗi tun kafin ya kai loma ta biyu, ita kuma sai ta juya da sauri ta koma ciki. Wayar na aljihunsa, sabuwar muryar na yi masa aiki ba kuskure. Da safe, in lokacin ya matso, yakan ajiye sukundireba ya kara ta a kunne. Ta ce ƙarfe tara, ta yi shiru. Shi kuma ya ci gaba da saurare.