Tekun Fusae

Duk wanda ya zo zamiyar ƙanƙara a dutsenmu ya san Tomekichi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai tsintsiya a gindin kujerun da ke haurawa da mutane ƙololuwa. Kujera ta zo, ya kakkaɓe mata ƙanƙara, ya rusuna wa mai hawa, ya ce "A sauka lafiya." Da damina manomin shinkafa ne. Ni Sumi, ni ke sayar da taliyar soba a rumfar da ke gefensa, tun muna da baƙin gashi.

Matarsa Fusae 'yar masunta ce, daga bakin teku can bayan dutse aka kawo ta. Ta ji 'yan zamiya na cewa ranar da gari ya washe ana hango teku daga can sama. Tun daga nan abin ya tsaya mata a rai. Amma tsoron tsayi gare ta, ba za ta hau ba sai da mijinta a gefe.

Takan kawo masa ƙunshin shinkafa da rana, ta ce, "Baban Noriko, yau fa gari garau."

"Ke dai! Ranar da gari ya yi garau ai ita ce ranar cunkoso. Wa zai share kujeru?"

"Tsintsiyar nan dai ita ka aura," in ji ni.

Sai ya yi dariya ya juya ga layi. Ranar hutunsa kuwa yana kan rufin gida yana kwashe ƙanƙara kada ta rufta musu, daga nan ya wuce rufin tsofaffin unguwa. Kafin ya ankara sanyi ya wuce, an tsayar da kujeru. Wallahi ba mugu ba ne, taurin kai ne da shegen son aiki, kuma har yau haushinsa nake ji.

Sai da ya ajiye aiki ya kai ta. A lokacin ciwon suga ya taɓa mata ido, amma tana cewa da sauƙi. Ina kallo suka hau, ta ƙanƙame masa hannu.

Da suka sauko ta shiga ɗumama jiki, shi ya zo rumfata. Na zuba masa soba, bai taɓa ba.

"To, ta ga tekun?"

"Sumi," ya ce, "tekun na nan shuɗi, har jiragen kamun kifi na hango. Ta ce, 'Kai, ga shi can, kamar yadda na baro shi!' Tana ta murna, tana gode mini."

"Alhamdu, to mene ne na ɓata rai?"

Ya ture kwanon gefe.

"Wajen duwatsun Nagano take nunawa. Tekun yana bayanta. Na rasa bakin da zan ce mata ta juyo."