Hannuna ya mutu ina cikin takaba

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ku yi haƙuri, ko waya ba na iya riƙewa a lokacin.

Ina cikin takabar maigidana hannuna na dama ya fara nauyi. Ludayi ya riƙa suɓuce mini. Matan gida suka ce baƙin ciki ne, kuma mai takaba ba ta fita, sai aka yi ta shafa mini man shanu.

Har ranar da bakina ya karkace, na kasa tuna sunan ɗiyata Hafsatu.

Yayana ya ɗauke ni daga Ƙaura zuwa asibiti a Gusau. Aka auna jini, aka ɗauki hoton kai. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Da na dawo gida, ƙanen marigayi ya zo daga Shinkafi. Ya ce, "Yaya, ko zani ba ki iya ɗaurawa. Bari yarinyar nan ta dawo wurinmu." Ba mugunta ba ce. Amma ita kaɗai aka bar mini. Na roƙe shi ya jira zuwa kaka.

A ɗakin gashin ƙashi na asibitin suka sa mini wata safar hannu da aka haɗa da allon kwamfuta. In na damƙi ƙwallo daidai, sai ta yi rawa a yatsuna kamar wayar da aka kira. In na jera hotunan kayan girki a allon ba bisa tsari ba, sai ta girgiza mini wuyan hannu.

Da farko ban ji komai ba.

"Rufe ido, Inna. Wane yatsa ne ke rawa?" in ji ma'aikaciyar.

Na ce ban sani ba, na fashe da kuka.

Awakina suka tafi a kuɗin mota. Duk tafiya da fargabar hanya muke yinta. Sai wata rana na ce wa ma'aikaciyar, "Babban yatsa." Ta ce in maimaita.

Da kaka ta yi, ƙanen marigayi ya dawo, ya iske ina yi wa Hafsatu kitso, duk a karkace. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A bar ta tukuna."

Tukuna ya ce. Ƙaramin yatsana har yau ba ya ji.

Na gode wa Allah, na gode muku. 'Yan'uwa mata, takaba ba ta hana zuwa asibiti. In hannu ya yi nauyi, ku tafi a ranar.

Ku sa marigayi Malam, maigidana, a addu'a.