Mutanen Baba Isuhu

Shekara huɗu ke nan cif tun safiyar da na tarar da mahaifina, Isuhu mai lemo, kwance a bayan gidanmu a unguwar Tremont a nan Amurka, rabin lemo a hannunsa. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Har yau in na ji ƙamshin ɓawon lemo sai safiyar nan ta dawo mini. Amma ba kukan mutuwa na zo yi a wannan shafi ba, mutuwa rigar kowa ce. Na zo ne a kan abin da aka yi wa sunansa, da abin da ni ma na yi masa saboda tsoro.

Baba mutumin Damagaram ne. Tebur gare shi a bakin titi kusa da tashar jirgin ƙasa, yana sayar da lemo da ayaba da mangwaro. Wata tsohuwa 'yar Jamaika mai sayayya a wurinsa ce ta ba shi labarin wani tsuntsu da Turawa ke ce wa oriyol, kansa baƙi wuluk, ƙirjinsa kamar nunannen lemo. Yakan gudu kudu in sanyi ya shigo, ya dawo farkon watan Mayu. Ta ce in kana so ya sauka gidanka, ka raba lemo biyu ka soke a ƙusa, ka zuba ɗan jam na inabi, abin zaƙin nan da ake shafa wa burodi, a murfin kwalba. Hatsi bai dame shi ba, zaƙi yake bi.

Baba ya samo katako, ya kafa masa ƙusa uku, ya ɗaure a shingen bayan gida. Ya ƙulla ƙyalle ruwan lemo a kai don launin ya jawo su. Shekarar farko tururuwa ce kawai ta sha daɗi. A ta biyu, ya dawo daga sallar asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana raɗa: "Uwata, taso a hankali, mutanena sun iso." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Muka leƙa ta taga, ga su biyu sun cusa baki cikin lemo. Ya ce, "Kin gani? Baƙi ne kamarmu. Sun sha hanya, ba fasfo ba biza. Ai sai a ba su ruwan sauka."

Wannan kalma, mutanena, ita ta kashe masa suna. Wata Hajiya da ke zaune a samanmu ta leƙo wata safiya ta ce, "Malam Isuhu, wa kake yanka wa lemo kullum da duku-duku?" Ya ɗaga kai yana dariya ya ce, "Mutanena, Hajiya. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma ba sa son hayaniya. Mai surutu ba ya ganinsu." Shi wasa yake yi. Ita kuwa ta dubi ƙusoshi, ta dubi ƙyalle, ta dubi wani abu ja-ja a murfin kwalba, ta rufe taga. Kowane Bahaushe ya san su wa ake nufi da mutanen da ba a gani. Kafin Juma'a ta zagayo, jam ya zama jini, tsuntsaye sun zama mutanen ɓoye, Babana ya zama mai yi wa aljanu hidima don ciniki ya buɗe.

Magana zarar bunu ce. Namu suka daina tsayawa a teburinsa. A masallaci wasu suka riƙa barin tazara tsakanin kafaɗarsu da tasa. Matakala goma sha huɗu ce daga ƙofar Hajiya zuwa bayan gida, na ƙirga. Ba ita ba, ba ko mutum ɗaya cikin masu yaɗa zancen da ya sauko ya shinshina murfin nan. Kun iya ƙetare teku ku zo Amurka, amma matakala ta gagare ku?

Likita ya ce hawan jini ne, jijiya ta fashe masa a kai. Amma a falonmu, Innata na zaune cikin takaba, na ji da kunnena wata ta sunkuya tana cewa, "Mutanen nasa sun karɓi abinsu." Har an sami wanda ya tambayi liman ko ya halatta a sallace shi. Allah Ya saka wa liman da alheri, ya daka masa tsawa, ya shige gaba ya yi kabbara. Kafin sadakar uku wani ya ɓalle katakon yana tofa addu'a, ya jefa a shara.

Da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Waɗannan mutane dai su ne yanzu ke turo mini bidiyon tsuntsaye a waya, an rubuta Subhanallah, dubi ikon Allah, tura wa mutum goma. Na san zai yi dariya har hularsa ta karkace. Rashin sani ya fi dare duhu, haka zai ce, ya wuce. Shi mai sanyin zuciya ne. Ni ban gado wannan ba.

Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne nawa. Watan jiya ina dawowa daga aikin kula da tsofaffi, wata mata a jirgi ta ji ina Hausa a waya, ta ce, "'Yammata, 'yar gidan wa ce?" Na ba ta sunan kawuna. Ba shi ne karo na farko ba. Shekara huɗu ina ɓoye sunan mutumin da ya tsaya cikin ƙanƙara yana sayar da ayaba don in gama sakandare, saboda ina tsoron a ce, "Au, wannan mai aljanun?" Su sun yi masa ƙazafi, ni na taya su binne shi.

Katako ya tafi. Wani ya gaji gurbin teburinsa. An shafe bayan gidan da siminti. Tsuntsayen har yanzu suna ratsawa a Mayu, nakan ji fitonsu a bishiyar ƙetaren titi, ba sa sauka. Ba gida ya bari ba, ba mota. Abin da ya rage na Baba a duniya suna ne, kuma a wuyana yake rataye.

Hajiya, kina raye, kuma na san za a karanta miki wannan. Shi ya tafi inda ba a kai masa ban haƙuri, sai ku haɗu a can. Ni dai ban yafe ba tukuna. Na san gobe za a yi da ni a shago da masallaci. A yi. Wadda ta tambaye ni a jirgi, ga amsarki: sunana Habsatu Isuhu, 'yar mai lemo.