Karfasar Kawu Ta Ƙi Cin Abinci

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina mai mota, ana sallame salla muka kama hanyar Sakkwato. But ɗin motar fayau muka bar shi, domin kaya za mu ɗauko. Kawuna da ke Minanata ne ya kira ya ce in zo in kwashe famfona da farantin sola, shi ya gama da kiwon kifi.

Bari in gaya muku wane ne Kawu. Mahauci ne gaba da baya, kamar duk danginmu na wajen uwa. Tsakanin kara, wato kasuwar dabbobi, da kwata ya yi rayuwarsa, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Zaman gida bai karɓe shi ba. Mutumin da muryarsa ke cika kasuwa ya koma in an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Ni na kawo shawarar kifin. Muka kafa masa tanki a tsakar gida aka zuba karfasa, famfo yana tura ruwan ta bututu zuwa wasu duromai da aka raba biyu aka cika da tsakuwa, inda matarsa Inna ta shuka ganye. Kashin kifi ya zama taki, saiwar ganye ta tace ruwa, ruwan ya koma wa kifi. Kawu ya farfaɗo, har tsokanar maƙwabta ya dawo yi. Sai dai burinsa ɗaya ne, su hayayyafa a hannunsa, don a wurinsa kiwon da babu haihuwa wasan yara ne. Shekara ta zagayo ba ko ɗa guda, ga kifayen suna daina ci ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya da zuciya ba daɗi na shiga motar nan, don na san in aka cire famfon, Kawu zai koma tabarmarsa da shirunsa.

A Funtuwa muka tsaya karin kumallo. Mai shayin ya soya mana ƙwai, da ya faɗi kuɗin sai da abokina ya tambaye shi ko har da kazar ya haɗa. Daga nan hanya ta miƙe, wani wurin sumul, wani wurin ramuka kamar an yi gasar haƙa. Wajen Tsafe hira ta ɗauke, kowa ya kama addu'a a ransa, sai da muka wuce Gusau bakinmu ya buɗe. A Talatar Mafara muka sayi mangwaro da ruwan sanyi. Daga nan fa rana ta fara gabatar da kanta. Abokina bai taɓa zuwa Sakkwato ba, ya sauke gilashi don ya sha iska, ya yi maza ya ɗage, wai ji ya yi kamar ya leƙa tukubar mai tsire.

Bayan la'asar muka shiga Minanata. Abin da ya fara tarar mu a gidan Kawu sanyi ne da ƙarar ruwa. Alayyafo ya yi kore shar, latas ya buɗe, tumatir ya hau igiya har ya kusa taɓa rumfa, duk a cikin tsakuwa, ba ko ƙwayar ƙasa. Abokina ya yi ta zagaye yana leƙa ƙarƙashin durom, yana neman inda aka ɓoye takin.

Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar ganyen gidan, Kawu ya ja mu bakin tanki ya watsa abinci. Kifaye suka yi caa a kai, ban da ɗaya da ta raɓe a kusurwa.

"Dubi wagga," in ji shi. "Kwana da kwanaki ba ta ci komi ba, ga maƙoshi ya kumbura. Haka 'yan uwanta sunka yi. Dabba in taƙ ƙi kiwo ba a jiran ta hwaɗi, sai a rigaye ta."

Ashe duk wadda ta daina ci, Kawu sa raga yake ya cafko ta ya miƙa wa Inna. Abokina ya ce, "Kawu, ai kifi ba ya zama mushe."

"Na sani, malam. Hannun mahauci dai bai sani ba."

Ya ce wannan ta ƙarshe rabon baƙi ce, da safe za a soya mana ita, sannan mu kwance famfo. Na kalli Inna, ta kalli ganyenta.

Da safe aka nemi raga aka rasa, maƙwabci ya ara. Sai muka rage ruwan tankin, na shiga har gwiwa da robar wanki, na lallaɓa na tura karfasar kusurwa na ɗebo ta da ruwanta. Kawu na tsaye da wuƙa a hannu, ya riga ya wasa ta kamar sa zai kayar. Ina ajiye robar, sai ta yi wani zillo ta wage baki. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna fitowa, ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, ido biyu da ɗan wutsiya, suna yawo a ruwa. Na ɗauka tsutsa ce. Kawu ya manta da gwiwarsa ya durƙusa, ya kai fuskarsa har gemunsa ya jiƙe.

"Ɗiyanta na!" ya daka ihu. "Wallahi ɗiyanta na!"

Inna ta fito da gudu da ludayi a hannu. Ta leƙa, ta dafe ƙirji ta ce, "Alhaji, ashe masu jego munka yi ta soyawa!"

Muka tuntsire da dariya har abokina ya zauna a ƙasa. Kawu ma ya yi, amma na ga ya share ido da bakin rigarsa. Wuƙar kuwa ya miƙa wa Inna ya ce ta kai ɗaki.

Ba mu tsaya ba sai Wamakko, wurin mutumin da muka sayi kifayen tun farko. Hanyar gajera ce, ga fadama kore, ga buhunan albasa jere a bakin titi, araha har ta ba Bakano haushi. Mutumin ya tabbatar mana: macen karfasa a baki take rainon ƙwanta, ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe sun yi ƙwari. Waɗanda Kawu ya riƙa cafkowa da raga, a tanki suke tofar da ƙwan don firgita, sauran kifaye su lashe. Ya ce a ware ƙananan a cikin raga mai ƙaramin ido, a riƙa ba su garin abinci mai laushi. Kawu ya saurara kamar ɗalibi, yana ta jinjina kai.

A hanyar dawowa ya ce sai mun biya ta Ƙofar Atiku mun sha fura a wurin da ya saba. Fura ce mai kauri, nono ya ji, abokina ya sha ya ƙara ya daina zagin rana. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai Kawu ya riƙe hannunsa ya ba shi labari daga farko, da muryar nan tasa ta kara. Rabona da jin wannan murya har na manta. Tun a Wamakko Kawu ya buga wa Inna waya, kafin mu koma gida ta riga ta sadaukar da gidan sauronta, ta ɗinke shi kamar aljihu. Muka rataya shi a gefen tanki muka juye jariran a ciki.

Washegari muka juyo Kano. Da na yi maganar famfo don tsokana, Kawu ya ce in na taɓa shi sai dai mu haɗu a gaban alƙali. But ɗin da muka tanadar wa famfo da sola, alayyafo da latas da albasar Wamakko suka cika shi, motar tana ƙamshin lambu har gida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, sanin da mutum ya ƙware a kansa yana iya rufe masa ido idan ya shiga sabon fage. Kawu bai yi ganganci ba, abin da ya cece shi daga asara tsawon rayuwarsa ya yi, shi ne kuma ya riƙa cinye masa burinsa a kasko.

Muna shiga Kano wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ɗan Kano, wata ma ta ƙi ci!" Yana dariya har da tari. "Na ja kujera na zauna gabanta. Na ce ma Inna kowa ya yi magana a hankali, akwai mai jego cikin gida."