Malam Mas'udu, Wanda Ya Kai Kansa Faskari

Duk mai bin bakin tashar Ƙanƙara da hantsi ya san shagon Malam Mas'udu. Kafin ya taɓa komai sai ya yi shara, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya shimfiɗa tsohon zane bisa tebur, sannan ya jera sukundirebobinsa. Mai gyaran kwamfuta ne, amma abin da matasa suka fi saninsa da shi, daga Ketare har Sabuwa, shi ne haɗa sabuwar kwamfuta daga kayan da aka sayo ɗaiɗai. In ka zo masa da zumuɗinka, ba ya fara da kaya. Sai ya ce, "Mi za ka yi da ita? Wace wuta gare ku gida, ta gari ko sola?" Daga nan ya nuna maka cewa ba kowace furosesa, ƙwaƙwalwar injin, ke zama a kan kowane madabod ba, wato babban allon da komai ke hawa kansa, kuma ram ma, ma'ajiyar aikin da ake ciki, iri-iri ce, in ba ta gidan ba ce ko da guduma ba ta shiga.

Bana idonsa ya yi rauni, ya ce zai ajiye aiki bayan girbi. Da aka gaya masa za a rubuta wani abu a kansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "In dai za a rubuta, a sa maganar Hussaina. In ba haka ba, a bari."

Hussaina matar aure ce a Faskari, mai hannun zane. A waya take tsara katin aure da na suna, har aikin ya fi ƙarfin wayar. Ta sayar da tumakin da ta yi kiwo, mijinta Yahya ya kawo ta wajen Malam Mas'udu. Ya zaɓa mata komai a tsanake, har da katin hoto, wanda ke sa zane ya fito tar amma yake shan wuta kamar raƙumi a bakin rijiya. Abu ɗaya ya rage: fawa, akwatin nan da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sauran kayan. Mai kyau da ya yi oda daga Kano bai iso ba. Ga su sun zo ranar kasuwa, ga hanya ba ta da daɗi a lokacin, bai so a ce mace ta sake biyo ta saboda shi ba. Akwai wata fawa a kan kanta, marar sunan kamfani, an rubuta mata ƙarfi mai yawa a jiki. Ya ɗauke ta, ya ji ta sakayau a hannu kamar gwangwanin da ba kowa ciki. Zuciyarsa ta ce masa a'a. Ya ɗaura ta duk da haka. Kwamfuta ta tashi, Hussaina ta yi ta godiya, aka ɗora a mota.

Ba a daɗe ba wani direba ya tsaya shan ruwa a ƙofar shagon, ya ce, "Malam, ashe injin nan na matar Yahya ya ƙone. Tana cikin aiki ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Ana can ana cewa ita ta yi karambani."

Matarsa Mero ta ce ranar ko loma bai iya kaiwa baki ba. Ta tambaye shi, "Malam, lahiya?" Ya ce, "Na cuci ɗiyar mutane, kuma ita ake zagi." Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba wanda ya kira shi. Ba wanda ya zarge shi. Da ya yi shiru, shi ke nan, domin a ƙasar nan in kayan wuta suka ƙone kowa ya san inda ake jingina laifi.

Washegari ya hau babur ya nufi Faskari. Yahya ya tarbe shi a zaure, ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Wuta ce ta zo da ƙarfi, ita kuma ba ta jin magana. Na hana ta kunna shi kullum."

Malam Mas'udu ya ce a kira ta, a fito da kwamfutar. Hussaina ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ya kwance fawar, ya ajiye a tsakiyarsu, ƙaurin ƙuna ya cika zauren.

"Ba wuta ba ce, kuma ba ita ba ce," in ji shi. "Ni ne. Wagga aba ba ta iya ɗaukar katin da na sa maki, ɗiyata. Tun da na ɗauke ta na san hakan, na rufe ido don in sallame ku da wuri. Ta mutu ta ja madabod da katin. Ki yahe mani."

Yahya da kansa ya ba da labarin nan. Ya ce bai taɓa ganin dattijo ya kasa ɗaga kai gaban yarinya sa'ar 'yarsa ba sai ranar. Shi ma kuma kunya ta rufe shi, don ya tuna maganganun da ya gaya wa matarsa gaban uwarsa. Hussaina ta ce, "Baba, ba komai, na yahe." Sai kuka ya ƙwace mata, ta tashi ta shige gida.

Malam Mas'udu ya mayar da duk abin da ya ƙone. Da fawar kirki ta iso, ya koma Faskari, amma bai taɓa sukundireba ba. Ya miƙa wa Hussaina, ya ce ta haɗa da hannunta. Ya koya mata ta tara lissafin wutar da kowane kaya ke ci, ta zaɓi fawar da ta fi haka da sarari, kuma kada ta yarda da rubutun jikin kwali in ba ta san wanda ya ƙera ba. Yau katunan bikin da ake rabawa a Faskari da yawa daga ɗakinta suke fitowa, kuma 'yan mata na zuwa ta duba musu kaya kafin su saya.

Shi kuwa har yanzu in an ambaci sunanta sai ya kau da fuska. Tun daga ranar bai ƙara ɗaura fawar da bai yarda da ita ba. Mutane sun yi fushi, wasu sun ɗauki kayansu sun tafi Funtua, bai sauya ba.

Malam Mas'udu, kai ne ka ga ƙofar tsira a buɗe ka ƙi bi. Kai ne ka ɗauki kunyarka a kan babur ka kai ta inda ta dace, ka sauke wa baiwar Allah laifin da ba nata ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta lafiya.

Mu kuma masu sana'a, tela da makanike da mai allura, kowannenmu ya san wani aiki da ya fita daga hannunsa alhali zuciyarsa na cewa a'a. Mai shi yana nan da rai, kuma gidansa bai kai Faskari nisa ba. A tashi a je.