Na so a ce uraniyom ne

Wata goma ban rubuta komi a nan ba. Wasunku sun ɗauka na tafi Tchibarakaten neman zinariya. Ina nan Arlit. Kunya ce ta riƙe ni.

Ba ni na yi ciwon ba, 'yata ce Mariama, lokacin tana da shekara sha biyar. Da izininta nake wannan rubutu.

Ɗarin bara abin ya fara. Kun san ɗarin garin nan, ana idar da magariba kowa ya shige ɗaki, hirar tsakar gida ta mutu. Ƙawarta guda ɗaya tal kuma iyayenta suka kwashe suka koma Tahoua. Mariama ta fara makara lakwal, wato makaranta, daga nan ta daina zuwa. Ta bar wanka. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta koma "to" da "a'a".

Na ce ragwanci ne, sanyi take gudu. Na faɗa mata haka gaban ƙannenta, ba sau ɗaya ba.

Da ta fara ramewa, hankalina ya tafi inda na kowa yake tafiya. Mu nan ko tuntuɓe mutum ya yi, sai an ce uraniyom ne. Ni mai walda ne, gadonta ni na haɗa shi da ƙarfen da na saya wurin masu tsofaffin ƙarafan kamfanin haƙar uraniyom. Na ce ai shi ne. Na fitar da gadon waje, yarinya ta koma kwana kan tabarma a siminti, cikin Janairu. Na kira wani tsohon abokin aiki mai na'urar awon uraniyom, ya auna gadon, ya auna ƙofa, har tukwane. Bai ga komi ba.

Muka shiga zaryar asibiti. Jini, fitsari, hoton ƙirji. Wajen jika sittin, wato sefa dubu sittin, suka tafi.

Ranar da likita ya ce komi lafiya lau, haushi na ji. Wannan ita ce babbar kunyata. Na so a ce uraniyom ne. Da shi ne, da na san wanda zan zaga, da na shiga gari ana mini jaje. Har cewa na yi a sake awon.

Majo, wato babbar malamar jinya, ta ce in ba su wuri. Ta rufe ƙofa da Mariama kusan awa guda, sannan ta kira ni ni kaɗai.

Ta ce, "Malam, ka auna gado, ka auna jini. Ita ka tambaye ta?"

Na ce, "In tambaye ta me? Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba."

"To ta gaya mini kullum tana ganin da babu ita, da gidanku ya fi sauƙi. Ciwon damuwa ne, Malam, kuma yana kisa."

Na fito na tarar da Mariama kan benci. Na kasa haɗa ido da ita.

Aka tura mu wurin wani likita a Agadez, ya rubuta magani. Kowane mako tana ganin majo. Uwarta ta kulle duk magungunan gida, ba a barin ta ita kaɗai, da hantsi su fita su sha rana tare. Ni kuma aka ba ni aikin da ya fi ƙarfina: in zauna kusa da ita in yi shiru.

Ranar farko ko minti biyar ban yi ba na kama wa'azi. Ta ja bargo ta rufe kai.

Sai da aka yi mako uku ta yi mini magana. Ta ce, "Baba, da ka ce ni raguwa ce, na yarda."

Ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba sai ranar.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Yau ta ci, gobe ta ƙi. Amma ta koma lakwal, ta maimaita aji, surutunta ya dawo har muna roƙon ta yi shiru. Dangi da abokai da na ce muku zazzaɓi ne, ƙarya na yi muku, ku yafe ni.

Na gode wa Allah, na gode wa majo, na gode wa uwar Mariama da ba ta taɓa gorantawa ba.

Iyaye, ɗari ya shigo. In yaronku ya lafe a ɗaki, ya bar ci, ya bar abokai, har ya wuce mako biyu, kar ku ce sanyi ne kawai. Ku fitar da shi rana, ku ci abinci tare, ku tambaye shi, ku rufe baki ku saurara. In ya ambaci mutuwa, ranar ku kai shi asibiti. Addu'a ba ta hana zuwa likita.

Jiya da safe Mariama ba ta tashi ba. Na tsaya bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, yau ba daɗi. Zo ka zauna."

Shekara sha shida ina ubanta, jiya ta fara kirana da kanta ta faɗa mini damuwarta.